Kwaɗo da Randunan Inna Tasalla

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To, a gyara zama.

Wani Kwaɗo ne, tafkinsu kan ƙafe duk rani. Ya sha wuya har fatarsa ta tsage. Kusa da tafkin akwai wata tsohuwa, Inna Tasalla, mai ɗan lambu a bayan ɗaki. Da lambun take miya. Amma rijiya da nisa, gwiwa kuma ta ƙi. Rani na shigowa, shukarta sai ta bushe ƙurmus.

Da damina ta faɗi, Kwaɗo ya ga ruwa na kwarara daga indararon Inna, yana ficewa ta rariya. Abin ya ba shi haushi. Ya yi tsalle tsakar gida, ya kama waƙa:

"Ruwa na gudu, Inna,
Tare shi, tare shi!"

Inna ta yi dariya ta ce, "Kai ɗan nan, da me zan tare shi?"

Ya ce, "Da ƙwarya mana."

Ta tara ƙwarya, ta cika fal. Akuya ta zo ta shanye tas.

Kwaɗo ya ce, "Ke Akuya, wa ya ba ki?"

Ta ce, "Au, ba ni aka ajiye wa ba?"

Aka sake ruwa, Kwaɗo ya sake waƙa. Inna ta tara kwatarniya, ta ɗora bisa katanga. Rana ta fito, ta yi ta lasa, ta yi ta lasa, har ta ga gindi.

Kwaɗo ya ce, "Haba Rana, babba da ke!"

Ta ce, "A buɗe na gani, Malam Kwaɗo."

Kwaɗo ya zauna ya yi tagumi. Can ya zabura ya ce, "Inna, manyan randuna za ki samo, masu murfi. A binne gindinsu a inuwar ɗurumi."

Inna ta aro, ta roƙo, ta jera. Hadari ya taso, randuna suka cika maƙil, ta rufe ruf, ta danne da dutse.

Akuya ta tunkuyi murfi, sai ƙulu a goshi. Rana ta leƙa, ta leƙa, ba ta ga ko ɗigo ba.

Rani ya zo. Inna ta riƙa ɗiba da ludayi tana ba shuka. Kuɓewa ta yi 'ya'ya, yakuwa ta yi ganye, tattasai ya yi jajir. Maƙwabta suka sha miya, suka yi guɗa, kowa ya ce baɗi shi ma randa zai kafa.

Inna ta ce, "Ɗana, me zan saka maka da shi?"

Kwaɗo ya ce, "Inna, bar ni in kwanta a danshin nan kawai."

Shi ya sa har yau, in kun ɗaga randa, za ku tarar da kwaɗo a gindinta, ya yi lamo yana shan sanyi. Kada ku kore shi. Ladansa yake ci.

Ƙurunƙus! Kan ɗan ɓera ya shige rami.