Layi Ɗaya a Takardar Huwaila

Ƙawata Lantana, gyara zama ki ji abin da ya hana gidana sakat.

Huwaila, autata mai karatun aikin jarida, ita aka naɗa shugabar rukuninsu a fim ɗin kammala makaranta. Su huɗu ne: ita da Tasi'u da Mansura da Nafi'u. Suka ɗauki Iya Dije mai daddawa, tun daga dafa kalwa har kirɓawa, tana aiki tana ba da labarin sana'arta. Ba a yi kwana goma ba Allah ya karɓi abarsa, Allah ya jiƙanta. Abin da suka ɗauka shi ke nan, babu ƙari.

Saura tacewa, wato yanke hoto da haɗa shi. A nan aka ja daga kan manhajar da za a yi aikin da ita. Sati biyu cur suna zauren gidana suna musu, ɗanwake na ƙarewa, aiki bai motsa ba.

Tasi'u ya ce, "Ni ba na taɓa kayan wasan yara. Ta ƙwararru za mu sa."

Mansura ta ce, "Sannu Darakta! Kwamfutar taka mai haki kamar tsohon jaki ce za ta ɗauka?"

Huwaila ta gaji, ta bi Tasi'u. Shi kuma ya kafe sai an kwafe komai a wani faifai daban, an raɗa wa kowane yanki suna, wai haka ƙwararru suke yi. Kwana biyu suka tafi a nan, Huwaila kamar ta yi kuka. Rana ta uku manhajar ta fi ƙarfin kwamfutar, ta ɗau zafi ta mutu murus. Katin kyamara kuwa tuni an mayar makaranta an goge shi. Ba don faifan Tasi'u ba, da Iya ta tafi har da muryarta.

Sai Mansura ta karɓa da manhajar waya. Kwana huɗu ta duƙufa, ta mai da hoton awa uku minti goma sha biyar. Ita ta san inda Iya za ta yi dariya da inda za a bar tukunya ta yi magana. Huwaila ta kalla har da hawaye. Amma da aka fitar, sai ga tambarin masu manhajar ɓaro-ɓaro a goshin marigayiya. Malaminsu ya ce shi ba ya karɓar talla.

Nafi'u dai tun ranar farko ya ambaci wata ƙaramar manhaja ta kyauta, babu wanda ya saurare shi, shi ma bai maimaita ba, ya yi ta cin ɗanwakensa. Sai yanzu ya aro tsohuwar kwamfutar yayarsa, ya sa manhajar nan, ya ɗauki faifan Tasi'u, ya bi sawun Mansura yanka bayan yanka. Ya kuma rage ƙarar injin niƙan maƙwabta har maganar Iya ta fito tar. Saura awa ɗaya a rufe karɓa suka miƙa.

Fim ya zo na ɗaya. Nan wata sabuwa ta ɓullo: wanda ya tace shi za a tura horo na wata uku a gidan talabijin, takardar kuma layi ɗaya gare ta. Huwaila ce za ta cike shi kafin Litinin. Ta yi istihara, ta ɗau biro ta ajiye ya fi sau goma, tuwo ma sai an yi da gaske take ci. Su kuwa ukun kullum sai sun zo, ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa: "Umma, ina wuni?" Gaisuwar da ba a gani ba lokacin ɗanwake!

To Lantana, wanda ya kashe kwamfuta ya ceci hoto, da wadda ta gina labari ta ɓata fuskar Iya, da wanda ya gama aiki bayan ya zuba ido sati biyu, wane ne ya cancanci layin nan?

Ki ba ni amsa, amma don Allah ya tsaya tsakaninmu. Ko uwar Mansura, da kuke zama tabarma ɗaya a islamiyya, kada ta ji.