Mangwaron Yayanta

Akwai wata mata, 'yan uwa masu bibiyar wannan shafi, da ke aikin awo a ƙofar wani sito inda ake tara mangwaron da za a fitar waje. Manoma na kiranta Mai Fitila, saboda na'urar hannunta kamar tocila take. Haskenta ido ba ya gani, amma yana ratsa ɓawo ya nuna zaƙin ɗan itace ba tare da an yanka ba.

Wata safiya yayanta, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, ya iso da mota cike da mangwaro, duk ya yi rawaya.

Ta ɗora na'urar a kan ɗaya, ta sake ɗaukar wani, har ashirin. Duk lambar zaƙin da na'urar ta nuna ƙasa take.

"Yaya, ɗanye aka tsinke shi," in ji ta a hankali. "Rufe shi aka yi ya canza launi."

"Ke dai sa hannu."

"Yanka ɗaya ka ɗanɗana."

"Ni da nake noma tun kina goye, tocila ce za ta koya mini mangwaro?"

Ta ƙi. Kafin azahar mahaifiyarsu ta kira ta: "Kin kunyata ɗan uwanki a gaban lebura. Wannan ce sakayyar?"

Washegari yayan ya bi ta ɗaya ƙofar siton, wajen abokin aikinta, wanda ya wuce da kayan bai ko kunna na'ura ba.

Bayan mako uku masu saye suka ƙi kayan. Mangwaron ya yamutse, ga tsami kamar lemo. Sito ya daina karɓa daga ƙungiyar manomansu gaba ɗaya, gida arba'in, har da waɗanda ba su san hawa ba. Aka sallami abokin aikin, ita kuma aka ba ta shugabancin awo.

Ta je gaishe da yayan. Ta same shi a ƙofar gida, maƙwabta na wucewa ba sallama. Ta durƙusa.

Bai dube ta ba. "Hankalinki ya kwanta yanzu?"

Shekara biyu ke nan, bai ƙara ce mata komai ba.

Darasi: Wanda ya hana ka cutar mutane ba maƙiyinka ba ne, ko da ƙanwarka ce. In ka tsaya kan gaskiya kuma, ka shirya rasa wasu. Tura wa wanda yake fushi da ɗan uwansa a kan gaskiya.