Abin da Ya Shaƙe Motar Malam

Akwai wani tsohon malamin makaranta da nake so ku ji labarinsa yau, 'yan uwa masu bibiyar wannan shafi. Ya yi ritaya, yara sun girma sun kama gabansu, yana zaune lafiya da matarsa wadda kowa ke kira Mama. Abin da ya rage masa na lallaɓawa shi ne tsohuwar motarsa, wadda ta haura shekara ashirin a hannunsa.

Da can gareji yake kai ta a duba. Da ya yi ritaya lokaci ya yi masa yawa, sai ya ɗora wa kansa aikin. Duk Asabar da hantsi zai wanke ta tas, ya buɗe bonet ya shiga shafe-shafe. Mama na gefe tana ninke wanki tana tsokanarsa: "Malam, ko ni ban samu wannan gatan ba."

Sai mota ta fara rigima. In ta tsaya a danja ta kama kakkarwa kamar mai zazzaɓi, in ya taka totur sai ta yi tari kafin ta ja. Wata 'yar wuta ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa.

Ya kai ta wurin wani makanike da ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Malam ya buɗe baki zai yi bayani, Injiniya ya ɗaga masa hannu.

"Huta, Baba. Kwamfuta ce za ta yi magana."

Ya jona na'urarsa, ya ce sensar iska ce ta mutu, wato ɗan abin da ke auna iskar da ke shiga inji. Ya sa sabuwa. Mota ta yi lafiya kwana goma ta koma gidan jiya. Ya sake canzawa, ta sake komawa. A zuwa na uku ko tashi daga kujera bai yi ba, ya ce, "Tsufa ne, Baba. Ni ba na gyaran tsufa."

Ana cikin haka motar ta mutu musu a tsakiyar titi, Mama na ciki. Babban ɗansu ya zo ransa a ɓace.

"Baba, ka yi haƙuri, ƙarshen wata zan kawo mai sayen tsofaffin motoci. Ba zan jira sai ta jawo muku wani abu ba."

Malam ya amsa da to, don ya san gaskiya yaron ya faɗa. Amma abin ya yi masa ciwo ƙwarai. A motar nan ya kai 'ya'yansa makaranta su duka.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare, wani maƙwabci ya kwatanta masa wani makanike da ake wa laƙabi da Ɗan Jarida, saboda yawan tambayarsa. Mama ta ce da ita za a je.

Shi ma yana da na'ura, ya jona, ta nuna sensar iskar dai. Sai ya ajiye ta, ya jawo musu benci.

"Malam, yaushe ta fi yi?"

"Kullum."

"A'a, Malam," in ji Mama. "Lahadi da Litinin ta fi haukacewa. Ni da nake zaune a gefe nake shan girgizar."

Ɗan Jarida ya juyo. "To me ake mata ranar Asabar?"

Nan Malam ya gyara zama, an zo fagensa. Ya lissafa wanki, da duba ruwa, da goge batir. "Sannan in ciro matatar iska in karkaɗe, in shafe ta da baƙin mai sosai don ƙura ta manne. Mahaifina direban babbar mota ne, a wurinsa na koya."

Makaniken bai yi dariya ba. Ya buɗe akwatin matatar, ya zura yatsa cikin bututun da ke bayanta, ya fito da shi baƙi ƙirin yana maiƙo.

"Mahaifinka bai yi kuskure ba, Malam. Motocinsu mai suke so. Taka kuwa matatar takarda gare ta, a bushe ake son ta. Inji na zuƙe man yana shafe 'yar siririyar wayar da ke cikin sensa, sai ta riƙa auna iska ba daidai ba. Ko sau goma aka sa sabuwa, Asabar biyu ta ishe ta."

Malam ya ƙura wa yatsan nan ido. Mama ta rufe baki da mayafi, tana danne dariya.

Aka fesa wa sensar maganin wanki, aka goge bututun, aka sa sabuwar matata. Da aka tayar da inji sai ga shi yana tafiya sumul, wutar ma ta ɗauke.

Ranar ƙarshen wata ɗan ya iso da mai saye. Malam ya tayar da motar a gabansu, ya bar ta tana aiki.

"Ba ta da laifi," ya ce. "Ni nake shaƙe ta da hannuna, ina ganin gata nake mata. Mamanku ta fi ni lura, ban taɓa tambayarta ba."

Ɗan ya daɗe a tsaye yana sauraren injin. Tunda yake bai taɓa jin mahaifinsa ya ce laifinsa ne ba. Ya ba mai saye haƙuri ya sallame shi, sannan ya buɗe ƙofar baya ya shiga ya zauna.

"To Baba, a sauke ni a gida."

Darasi: Kafin ka yanke wa abu hukunci, ka yi tambaya kuma ka saurari wanda ke zaune da shi, don na'ura alama take nunawa, ba ta san abin da ake yi a gida ba. Kuma ka riƙa duba irin gatan da kake wa abin da kake so, wata rana shi ne ke cutar da shi. Ku tura wa masu tsofaffin motoci, musamman masu buɗe bonet ranar hutu.