Kurege Malamin Bita a Gidan Ƙuli-ƙuli

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu sha dariya.

Wata Dorina ce ke da gidan ƙuli-ƙuli a bakin kogi. Akuya ke niƙa gyaɗa, Zabuwa ke suya, Kunkuru ke matse mai, Jimina ke kai talla. Sai ciniki ya ja baya. Dorina ta ce a nemo mata malamin da zai yi wa ma'aikatanta bita.

Kurege yana kan katanga, yunwa na cin sa. Ya ji. Ya diro, ya gyara murya, ya yi sallama.

"Ranki ya daɗe, daga birni nake. Giwaye ma ni na koya musu aiki."

Dorina ta ce, "Madalla, Malam. Ga su nan, ka gyara min su." Ta koma ruwa abinta.

Kurege ya tara su. "Darasi na farko: kuskure ba ya zama a wurin aiki. Zabuwa, kawo abin da kika soya."

Ta kawo. Ya gutsura, ya lumshe ido. "Kuskure ne. Bari in kawar da shi." Ya cinye faranti.

Ta sake soyawa. "Kuskure ne." Ya cinye.

Zabuwa ta ce, "Malam, a ina na kuskure?"

"Yauwa! Tambayar nan ita ce darasi na biyu. Kowa ya kama aikin ɗan'uwansa."

Aka ɗora wa Kunkuru tallan mai, ya nufi ƙofa, yana ta nufar ƙofa. Jimina ta tsaya a bakin murhu, hayaƙi ya cika mata ido, ta zuba gishiri a wuta, ta zuba itace a kasko. Akuya ta ce, "Ni yanzu Zabuwa ce ko Kunkuru?" Ta hau cin tunkuza don huce haushi. Kurege kuwa yana kawar da kuskure, yana kawar da kuskure, har cikinsa ya yi tulu.

Can sai ga Dorina.

"Ina ƙuli-ƙulin yau?"

Zabuwa ta ce, "Duk kuskure ne, ranki ya daɗe."

"To ina kuskuren?"

Duk suka juya suka dubi cikin Malam.

Dorina ta yi huci. "Malam, zo ka soya min wanda ba kuskure ba. In ka kasa, a kanka zan zauna."

Kurege bai taɓa riƙe matsami ba tun da aka haife shi. Ya dubi kafar da ke gindin katanga, ya dubi cikinsa. Ba zai shige ba. Sai ya sake gyara murya.

"Ranki ya daɗe, saura darasi na ƙarshe, kuma na shugaba ne. Ki juya baya, ki rufe ido, ki faɗo. Ma'aikatanki za su tare ki. Da haka ake gane amana."

"Haka ake yi a birni?"

"Kullum."

Dorina ta juya, ta rufe ido. Akuya ta ce, "Wa zai tare?" Jimina ta ce, "Aikin Zabuwa ne." Zabuwa ta ce, "Ni ai yanzu Akuya ce!" Suka watse.

Tim! Dorina ta faɗa kan randar mai. Randa ta fashe, mai ya malale tsakar gida. Kurege ya yi birgima a ciki, ya cusa kai a kafa, sulɓ! Sai daji.

Dorina tana kwance, ƙafafu a sama. Ta ce, "Na iya?"

Zabuwa ta ce, "Wallahi Malam bai faɗa ba."

"To ku dawo, mu sake."

Kurunkus! Duk wanda aka ce ya rufe ido ya faɗi, ya fara tambaya yau aikin wa ke nan.