Shari'ar Naman Kaza a Gindin Tsamiya

A zamanin da, tun ana awon hanya da tafiyar raƙumi, an yi wani Sarki da matarsa Tabawa ta rasu. Shekara ba ta zagayo ba, iska ta kayar da tsamiyar da ya fara ganinta a ƙarƙashinta. Ya sa aka kewaye kututturen da shinge, ya ɗora wani tsoho Nomau gadi, ya ce ranar da kututturen ya lalace, Nomau ya bar ƙasar.

Damina ta sauka, naman kaza ya tsiro a jikin itacen. Nomau ya tsinke, washegari ya sake fitowa, har kututturen ya fara rugurgujewa. Sarki ya yi umarnin kora.

Abin ya dami Waziri Tanimu. Shi ne ya riƙe wa Sarki linzami a ranar da Sarki ya fara ganinta, yana kuma tuna yadda Tabawa ke tsotsar tsamiya tana yi musu dariya. Ya faɗi gaban Sarki, ya roƙi a gurfanar da mai laifin na gaskiya tukuna, wato naman kaza.

Aka taru a gindin kututturen. Malamai suka ce ba tsiro ba ne, don ba shi da ganye ko fure, ba ya neman rana. Ba kuma dabba ba ne. Waziri ya kife hular naman kaza a kan baƙin rawaninsa tun hantsi. Da azahar ya ɗaga, sai ga farin gari mai laushi. Ya ce wannan ne irinsa, iska ke yawo da shi, babu shingen da zai tare shi. Sannan ya ɓantari itacen, fararen zarurruka suka bayyana a ciki kamar auduga.

"Allah ya ba ka nasara, abin da Nomau ke tsinkewa hula ce kawai. Jikin yana ciki, yana cin abin da ya riga ya mutu."

Sarki ya ce, "Ashe ba abin da zai rage mini, Tanimu?"

Rabon Waziri da jin sunansa a bakin Sarki tun suna samari. Ya durƙusa, ya yaye ruɓaɓɓen itacen da ya zama baƙar ƙasa. A cikinta wata 'yar tsamiya ta fito, ganyenta ko tafin hannu bai cika ba.

Sarki ya daɗe yana kallo. Ya ce Tabawa ba ta taɓa son shinge ba, a cire shi. Ya juya ga Nomau, wanda ke tsaye da ƙunshin kayansa a ka.

"Sauke kayan nan, Baba. Wa zai riƙa ba 'yar tsamiyar nan ruwa in rani ya yi?"