Shaidun Karofin Nomau

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, in ba shirga mana za ka yi ba.

A wani gari akwai tsohuwar unguwar marina, baƙi daga ƙasashe suna ta zuwa ɗaukar hotonta. Sai Mai Unguwa Jatau ya ce warin baban rini yana ba shi kunya gaban baƙi. Zai cike karofin tsoho Nomau, wato ramukan rininsa, da ƙasa, ya kafa rumfar lemo a wurin.

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, a bakin ramukan rinin nan aka kafa unguwar."

Jatau ya ce, "Kowa haka yake faɗa a kan ramin kakansa. Kawo shaidu uku da suka gani."

To, mutanen da suka gani duk suna kushewa. Sai Nomau ya watsa gero da gara a bakin karofi, ya zauna.

Sai ga Hankaka. Ya ce, "Da fari fat nake. Na faɗa ramin farko, kakan Nomau ya damƙo ni ta ƙirji. Dubi inda hannunsa ya riƙe, nan kaɗai ya rage fari."

Jatau ya ce, "Kai da satar ƙwai aka san ka."

Sai ga Zabuwa. Ta ce, "Ni ƙulle ni aka yi da zare, ƙulli-ƙulli, aka tsoma."

Jatau ya ce, "Ke kuma surutu."

Sai ga Ƙadangare, kai ja, jiki shuɗi. Ya ce, "Ni ta kai aka riƙe ni. Ranka ya daɗe, ai da ni da rawaninka rami ɗaya muka fito. Shafa goshinka."

Jatau ya shafa. Sai ga shuni a yatsunsa. Baƙi suka yi caa, suna ta ɗaukar hoton goshin.

Jatau ya gyara murya ya ce, "Ku faɗa musu unguwarmu ta girmi katangar gari. Dama gwada Nomau nake yi."

Aka tambayi Ƙadangare ko haka ne. Ya gyaɗa kai, har yau bai daina ba.

Karofi na nan, warinsa na nan, baƙi sai ƙaruwa. Kafin ka ji kunyar sana'ar gidanku, duba abin da ka naɗa a kanka.

Ƙurunƙus kan Ƙadangare, wanda ya ce ƙarya na yi ya je ya tambaye shi.