Mahujin da Aka Share

Akwai wani mutum maƙeri, yana da ɗan ɗakin aiki a bayan gidansa. Ɗakin bai fi rumbu girma ba, amma duk garmar da ta karye a ƙauyen, can ake kai ta. Kowane magagari, wato ƙarfe mai haƙora da ake goge ƙarfe da shi, yana da tsummansa da ƙusar da ake rataye shi. Kurfin yankan ƙarfe yakan shafe bakinsa da mai. Ƙarafan huji kuwa, yakan tsayar da su a ramukan da ya fafe a jikin wani gungume, kowanne da raminsa.

Matarsa takan kawo masa abinci, ta tsaya a bakin ƙofa tana tsokanarsa. "Baban Keziya, ƙarafan nan sun fi 'ya'yanka gata. Kowa da zanensa, kowa da wurin kwanansa!" Shi kuwa sai ya yi dariya, ya ci gaba da aikinsa.

Da ya tsufa, yanar ido ta rufe masa idanu, aka kai shi asibiti a birni. Yana can aka yi ruwan farko da iska mai ƙarfi, jinkar ɗakin aikin ta yaye. Matar ta ji tausayin kayan mijinta. Ta shiga cikin ruwan, ta kwashe su duka, ta zuba a buhu ɗaya, ta ja buhun a ƙasa har ɗakinta. Don kada su yi tsatsa, ta kwarara musu mai gaba ɗaya. Sa'an nan ta share ɗakin aikin, ta zubar da sharar a juji.

Maƙerin ya dawo da idanunsa a ɗaure, ba ya ganin kome. Bai gama hutawa ba sai ga wani manomi da garmar shanu a kafaɗa.

Manomin ya ce, "Baba, ka yi mini rai. Ƙusar da ke riƙe bakin garmar nan ta karye a cikin raminta, ta ƙi fita. Ƙasa ta jiƙa. In ta bushe ban yi huɗa ba, bana ban san abin da iyalina za su ci ba."

Matar ta jawo buhun tana murna, ta ce, "Ga su nan, maigida, ba wanda ruwa ya taɓa."

Tsohon ya sa hannu a cikin buhun. Ya zaro wani magagari, ya bi haƙoransa da babban yatsa, ya ce, "Wannan na ubana ne. Babban magagari ya cije shi a nan." Ya zaro kurfi, ya shafa bakinsa, ya ce, "Kai kuma, mahuji ne ya ɓantare ka." Haka ya yi ta fito da su ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin inda ya samo kowanne, da aikin da ya yi da shi, da wanda ya ji masa rauni a cikin buhun. Bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Matar ta rufe bakinta da hannu, gama shekara da shekaru tana ganinsu, ba ta taɓa bambanta su ba.

Ya ce mata a hankali, "Maman Keziya, kin yi don ƙauna, na gode. Amma man da ke kare kurfi, shi ne ke hana magagari cin ƙarfe." Ya sake laluba gindin buhun, ya ce, "Ina ƙaramin?"

"Wane ƙarami? Duk na kwaso."

"Siririn mahujin da ke ramin ƙarshe. Shi kaɗai ne zai shiga ramin ƙusar nan."

Matar ta ce, "Wayyo! Na ɗauka tsohuwar ƙusa ce, na share shi. Ai ban taɓa ganin ka ɗauke shi ba."

"Ba kullum nake ɗaukarsa ba," in ji maƙerin. "Don rana irin ta yau na ƙera shi."

Ta fita da gudu, ta durƙusa a kan juji, ta yi ta tonon toka da laka da hannuwanta har ta same shi. Tsohon ya goge shi da bakin rigarsa, ya laluba ramin, ya daidaita shi, ya buga guduma. Guntun ƙusar ya faɗo ƙasa. Ya sa sabuwa, manomin ya saɓa garmarsa ya nufi gona tun ƙasa na da laima.

Ma'anar wannan misali ita ce, maƙerin nan yana nuna mana Ubangiji, ƙarafan kuwa mu ne. Idan tsoho mai ɗaurarrun idanu ya san kowane ƙarfensa da yatsa kawai, har da inda aka ji masa rauni, ina ga wanda ya ƙera taurari, ya kuma ƙera mu? Wannan abin mamaki ne da ban tsoro. Duk yawan mutanen duniya, bai taɓa zuba mu a buhu ɗaya ba. Shi ya sa abin da ya ba ɗan'uwanka, wani lokaci yakan hana ka. Ya san man da zai kare wancan, kai cutarka zai yi.

Wataƙila a cikinku akwai wanda ke zaune a ramin ƙarshe. Ana kiran waɗansu su yi waƙa, su yi karatu a gaban jama'a, kai ba a kiranka. Wataƙila ma waɗanda suke ƙaunarka ne suka share ka, ba da mugun nufi ba, don ba su san abin da aka yi ka dominsa ba. Kada ka karai. Mu ma kuwa mu yi hankali da tsintsiyarmu, kada mu raina kowa a gidan Allah. Gama ranar tana zuwa da Maigida zai sa hannu a cikin kayansa, ya yi tambaya, "Ina ƙaramin?"